Ulu Mai Maiƙo

Kochkor, watan Satumba

Yaya Damira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya tarin ɗanki Ulan? Mu nan kalau.

Yaya, ba zan manta da Asabar ɗin da ta wuce ba. Kin san mijina Bektur, ban da koyarwa, yana cikin ƙungiyar nan da ke sa kakin sojan Yaƙin Duniya na Biyu, su hau tudu su kwaikwayi faɗan kakanninmu. Komai nasu sai irin na zamanin, har maɓalli. A littattafan soyayyar da nake karantawa, mace takan saƙa wa mijinta wani abu in zai tafi fagen daga. Shi ya sa na sayo zare ja da shuɗi na saƙa masa safa mai zanen ƙahon rago. Ina saƙa ina hango shi yana rungume ta a ƙirji.

A wurin atisaye suka hura wuta, ya miƙa ƙafa don safar ta bushe. Ashe zaren roba ne. Ta narke ta manne masa a yatsa. Shugabansu, Malam Sagin, ya ce, "Bektur, Jamusawa ba su taɓa ka ba, amaryarka ta gama da kai!" Shi Bektur yana ɗingishi yana dariya, ni kuwa ko shago na kasa zuwa don kunya.

Don Allah ki riƙe min gurbin nan a masana'antar ɗinki zuwa ƙarshen shekara, kamar yadda kika ce. Bektur ya yarda zai nemi canjin makaranta zuwa Bishkek, babban birni, inda kike. Kin san tun ina ƙarama birni nake mafarki.

Ki gaida kowa. Ƙanwarki,
Nurzada

Kochkor, watan Oktoba

Yaya Damira,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya sanyi? Na gode da kika yi magana da mai masana'antar, Allah ya bar zumunci.

Kin tuna kakar Bektur, wadda tun da na shigo gidan nan ba ta ce min komai ba sai "zuba shayi"? Ba ta son wasan nan nasu. Takan ce, "Ƙartai da gemu, a faɗi, a busa usur a tashi a sha shayi. Babana ya faɗi, bai tashi ba."

To, ita ta tsinci safar da ta narke. Ta shinshina ta ce, "Amarya, ai da leda kika ɗaura masa kin huta." Na fara hawaye. Ta ce, "Bar kukan. In dai kakin babana za su sa, ba za su sa shi da ƙafa a daskare ba. Je ki ɗauko gashin tumaki."

Na ɗauko, na wanke shi da sabulu har ya yi fari fat, don in burge ta. Ta ɗan buge min hannu da mazari. "Mijin naki biki za shi ko ramin yaƙi? Maiƙon nan shi ke hana ruwa shiga." Muka sake da wani, ba sabulu, yana warin garke. Na koyi kaɗi.

Ashe tana ƙaramar yarinya ta zauna cikin matan ƙauyen nan suna saƙa wa sojoji safa da hular da ake sawa ƙarƙashin ta kwano. Yanzu yatsunta sun lanƙwashe, ba ta iya riƙe tsinken saƙa. Da baki take faɗa min, ta shafa da hannu, in ba ta gamsu ba ta warware. Dunduniya kaɗai ta sha warwara. Amma tana warwarewa tana ba ni labarin matan nan ɗaya bayan ɗaya, har na bar littafina a buɗe a kan taga, ƙura ta hau shi.

Taki,
Nurzada

Kochkor, watan Nuwamba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Na ga saƙonki cewa mai masana'antar yana jiran amsa.

An yi babban wasan cikin dusar ƙanƙara. Da safen, Kaka ta sa na jefa dunƙulen busasshen cuku a cikin kowace safar da na saƙa wa 'yan ƙungiyar. Ta ce haka iyayensu ke yi, don ba su san ɗan wa zai sa ba, kuma ko ɗan waye yana jin yunwa. Sannan ta ce a ɗauke ta a mota, za ta je.

Malam Sagin ya zura ƙafa ya yi tsalle. "Bara wuta, bana dutse? Amarya, me muka yi miki?" Wani ya ce, "Wace bara, watan shekaranjiya ne!" Ya zazzage safar, sai ga cukun ya faɗo. Kaka ta ce daga cikin mota, "Ka ci mana, ɗana, ba don kallo aka sa ba." Suka zo suka durƙusa a gabanta cikin kaki, kowa cuku a baki. Ta daɗe tana bin fuskokinsu da kallo. Sun wuni a rami, ba wanda ƙafarsa ta jiƙe.

A hanyar dawowa ta ce, "Na ji za ki birni. Ki je, ban ɗaure ki ba. Hular ce dai ba mu fara ba." Sai na tuna duk ƙauyen nan ba wanda ya rage da ya san yadda ake rufe samanta sai ita, ga shi numfashinta ba kamar da ba.

Yaya, na san wahalar da kika sha kan gurbin nan, kuma na gode har zuciyata. Na yi kukan birni, ba zan ɓoye miki ba. Mun yi magana da Bektur. Ki ba wata gurbin. Zan zauna, gobe za mu fara hula.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nurzada