Tambayar da Likita Ya Yi Mini Kan Baba

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya Fatakwal da ruwanta? Mu nan Kafur lafiya lau, masara ta shiga rumbu, Alhamdulillahi.

Na bi maganarki, na je asibiti a Malumfashi aka yi mini binciken lafiyar nan da kika dame ni a kansa, duk da ina ganin garau nake. Sun ce in zo ban karya ba, ko goro kada in ci. Aka auna nauyina, aka ɗibi jini da fitsari, aka duba idanuna, aka ɗaura mini abin awon jini a hannu har sau uku.

Sai likita ya tambaye ni abin da ya yi ajalin Baba. Na ce a gona ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, mutane suka ce iska ce ta buge shi. Sai ya ce, "Malam Sani, jininka ya hau sosai. Mai yiwuwa abin da ya kayar da mahaifinku ke nan." Yaya, ni da nake ɗora wa rana laifin ciwon kaina!

Yanzu kullum ina shan magani, matata Hauwa ma ta rage gishiri a miya. Allah ya saka miki da alheri, ban san da bakin da zan gode miki ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Malam. Amma ke da kika tura ni, yaushe rabonki da awo? Baban nan fa namu ne mu biyu.

Ƙaninki,
Sani