Hannun da Almakashi Ya Bari

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da ɗalibanki. Ya jikin maigidan?

Yaya, abin da ba a gaya miki a waya ba shi ne, jaririyar da aka haifa mini zabiya ce. Fara sol, har gashin ido. Ki dube ni, baƙi kamar gindin tukunya, ki dubi uwarta. To daga ina? Kwana tara ke nan ban ɗauke ta ba. Ina zaune kan keken ɗinki, zare na tsinkewa, ni kuwa ina lissafin watannin da na yi tafiya sarin yadi. Na ce wa uwar ta je gidansu ta huta. Ta gane nufina, ta tafi ba ta ko waiwayo ba. Inna kuwa tunda ta leƙa fuskar yarinyar ta shige ɗaki, ko tari ba ta yi ba. Shirun nan nata bai kwanta mini ba.

Ƙaninki, Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso, na karanta sau uku.

Kin ce kowane hali biyu-biyu muke gadonsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma idan ƙwayar haihuwa ta rabu, ɗaya kawai take ɗauka daga cikin biyun. Kin ce mai rinjaye yakan danne mai rauni, kamar yadda yadi ke rufe shafin riga, sai masu rauni biyu sun haɗu a ɗa sannan abin ya fito. Wato ni ma ina ɗauke da shi. Haba malama! A danginmu wa kika taɓa gani? Anya ba matata, ƙawarki, kike karewa da allo da alli ba?

Sai dai jiya na shiga gyara wa Inna labule, idona ya faɗa kan tsohon hoton nan na bisa sif, na ƙuruciyarta. Shekara talatin ina ganinsa, ban taɓa lura an yanke gefensa ba. Ni tela ne, na san aikin almakashi. A kafaɗarta akwai hannun yaro da aka bari, yatsu huɗu, farare tas.

Ƙaninki, Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, kunya na cina.

Na ajiye hoton a cinyar Inna. Ta daɗe tana shafa yatsun kafin ta yi magana. Ƙaninta ne, kawunmu da ba mu taɓa jin labarinsa ba. Zabiya ne, ya rasu yana ɗan shekara tara. Ita ta yanke hoton da kanta ana saura mako ɗaya aurenta, don kada dangin Baba su fasa. Ta yi ta kuka, wai tana ji tana gani na kori yarinyar mutane, bakinta ya ƙi buɗuwa.

Na tafi gidan su matata da hoton a aljihu. Na ɗauki 'yata, Yaya, hancina ne a fuskarta sak. Uwar ta karɓi hoton, ta duba, ta miƙo mini. Ba ta yi faɗa ba, ina ma ta yi. Tambaya ɗaya ta yi mini: da almakashin Inna ya haɗa da hannun nan fa?

Na dawo ni kaɗai. Ke ce malama, in akwai amsar wannan a littafinku, don Allah ki aiko mini.

Ƙaninki mai neman gafara, Auta