Wutsiyar Katakon da Kake Ɗagawa

Zuwa ga ƙanena, Auta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa maka hanyar abinci a inda kake. Inna tana nan, ƙafar ce dai ke tashi tana kwantawa. Ni ma bayana ya fara yi mini gardama, kafin in miƙe daga kujera sai na yi shawara da shi.

Wasiƙunka uku sun iso, ban amsa ko ɗaya ba, kuma ka san dalili. Tun satin da ka tafi injin kankare katakon nan na marigayi Baba ya sa ni a gaba. Duk dogon katakon da na zura sai ya fito sumul, amma wutsiyarsa da kwarmi, faɗin yatsu huɗu, kamar an yi masa cizo. Nan take na ce kai ne ka kwance wani abu ka ɗaura ba daidai ba, ka tattara ka bar ni da wahala. Haka na faɗa maka a waya, haka na faɗa wa Inna, har Kawu sai da ya ji.

Wallahi Auta, na gaji. Na cire wuƙaƙen na kai washi, na mayar, na daidaita tsayinsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya kawar da wani siririn layi da ƙusa ta jawo, amma kwarmin yana nan daram. Na wanke robobin da ke jan katako, ƙaro ya daskare a jikinsu, na goge farantin ƙasa da kyandir har yana sheƙi. Katako ya daina tsayawa a tsakiya, kwarmi kuwa ko gezau. Na sauya bel ɗin da ke juya injin. Na kira bakanike, ya yini yana kwance-kwance, ya ce injin ya fi shi lafiya, ya sha shayina ya tafi. Wata uku ina yanke wutsiyar kowane katako ina zubarwa. Mutumin nan da muke yi wa ƙofofi ya dawo da biyu, ya ce ko idona ne ya fara tafiya.

Ranar Talata matar yayanka ta kawo mini abinci, ta ajiye kwanon a kan bencin da ke bayan injin. Katako ya fito ya sunkuyo zai doki kwanon, sai ta sa hannu ta ɗan ɗaga shi har ya gama fita. Na juya shi, na shafa. Babu kwarmi, ko alama. Muka sake, haka. Ta saki na uku, cizon ya dawo. Ashe idan dogon katako ya rinjaya ta inda yake fita, wutsiyarsa ce ke tashi ta shiga bakin wuƙa. Ta dube ni ta ce ai haka kullum take ganin kana yi, ta ɗauka na sani.

Ban sani ba. Shekara tara ina gaban injin ina zurawa, kai kana bayansa, ina ce maka tsayuwa kawai ka iya, ina kiranka mai gadin garin katako. Kai kuma ba ka taɓa cewa uffan ba. Na zauna a bencin nan, abincin ya huce, kunya ta hana ni ci.

Jiya na je na gaya wa Inna da Kawu cewa ƙarya na yi maka. Inna ta ce ba ita zan gaya wa ba. To, ga shi na faɗa: na zalunce ka, ka yafe mini don Allah.

Inna tana gaishe ka, da Kawu da Gwaggo, da matar yayanka wadda har yanzu take yi mini dariya. Na ƙera wani ɗan benci a inda kake tsayawa, yana tare katakon, amma kwarmin bai tafi duka ba. Idan ka huce, ka rubuto ka koya mini yadda kake yi.

Naka,
Yayanka.