Illela Biyu Ce, Yaya

Zuwa ga yayana Isuhu, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in sanar da kai cewa an ɓata maka suna a buro, wurin aikinmu, kai kuwa ba ka nan balle ka kare kanka. Na bar wasiƙar a buɗe, mai son karantawa ya karanta.

Ka san kamfaninmu na sufuri ya daɗe yana maganar sabunta babbar na'urar Yamai da rezo, wato layin sadarwar da ka shimfiɗa mata zuwa rassanmu. To, an yi. Injiniyan da aka turo mana Konni ka san shi, Abdu ne na bayan tasha, wanda kake koya wa lissafi a zaure. Ya tafi karatu ya dawo Hausa tana yi masa nauyi a baki. Yanzu sai an ce masa Mushe, wai Malam da Faransanci, yake amsawa, ni kuwa ban ga dalilin hana shi sunan ba. Ɗan tsako, samu ka ƙi dangi.

Kai ka koya mini cewa kowane reshe yana da akwatin da ke gaya wa maƙwabtansa hanyoyin da ya sani, kamar direbobi a tasha, kuma kowane akwati da lambarsa. Na tuna ranar da kake liƙa musu sunaye, kana cin gyaɗa, ka ce da ni: "Illela biyu ta, Lawali. Ga tamu ta hanyar Tawa, ga ta Najeriya. Kada ka gama su."

Shi Mushe da ya ga Illela sau biyu a cikin tsarin, sai ya yanke hukuncin cewa maimaici ne irin na jahilai. Bai tambayi kowa ba. Ya ba akwatunan biyu lamba ɗaya, ya karkaɗe hannu.

Da ka ga abin da ya biyo baya! Kowane akwati na shelar shi ne Illela. Na Konni ya gaskata wannan, can ya gaskata wancan, hanya ta riƙa tsinkewa tana ƙulluwa. Izinin wucewar motoci da Yamai ta aiko wa reshen kan iyaka, Illelar Najeriya, sai ya faɗa can hanyar Tawa, ko ya ɓace gaba ɗaya. Motocin albasar Galmi suka tsaya cikin rana har wari ya kori masu shayi.

Shi kuwa gwanin naka ya kashe ya kunna, ya zagi wayar tarho, ya zagi wuta, ya zagi zafin garin da aka yanke masa cibiya. Da zagin ya ƙare sai ya juyo kanka. A gaban shef, shugabanmu na buro, ya ce tushen matsalar aikin ƙauye ne da marigayi ya bari. Shef, wanda ya ci tuwo a gidanmu ranar sadakarka, ya gyaɗa kai. Wallahi Yaya, ban taɓa raina mutum biyu lokaci guda kamar ranar ba.

Na yi yadda ka koya mini, na bi saƙo akwati akwati ina duba wa ya gaya wa wa hanya. Nan na ga lambar. Na mayar wa kowace Illela tata, rezo ya nutsu, motoci suka tashi da abin da ya rage. Na nuna wa shef, ya ce a bar maganar tunda an samu lafiya. Mushe ya koma Yamai da yabo, ko a jikinsa.

Abin da ya fi yi mini ciwo, zancen ya riga ni zuwa gida. Inna ta ji a kasuwa cewa aikin ɗanta ne ya ruɓar da albasar mutane. Na tarar da ita zaune bakin murhu ba ta hura wuta ba. Na rasa yadda zan yi mata bayanin rezo, sai na ce mata kawai Abdu ne ya ɗauka Illela ɗaya ce. Ta dube ni ta ce: "Ɗan Konni? Ashe dai ba Isuhuna ba na." Sannan ta jawo kara ta hura wutar.

Shef ya ƙi wanke ka, amma Inna ta ci abinci ranar, kuma na san wannan ya fi maka. Sunayen da ka liƙa da hannunka suna nan jikin akwatunan, kullum sai na share musu ƙura.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa ka huta inda babu mai ɗora maka laifin wani.

Ƙanenka da ke kewarka,
Lawali