Ƙofar Hagu Ta Akori-kurarka

Zuwa ga mahaifina, Baba Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Damina biyu ke nan da rasuwarka, sai yau na sami bakin yi maka wata magana.

Akori-kurarka tana nan. Yanzu kuɗi sun shigo ƙasa, kowa a Faskari sabuwar mota yake hange, har ana yi mani ba'a wai ina yawo da kakata. Ni kuwa na ƙi sayar da ita. Ita ta yi shekaru tana kai dawa kasuwar Sabuwa, ita ta ciyar da mu.

Na kai ta Ƙanƙara wajen Malam Iro mai fenti, abokinka. Ya ce hanya biyu ce: ko a shafa sabon fenti bisa tsohon, ta yi ƙyalli shekara guda, tsatsa na ci ta ciki, ko a goge ta tas har sai ƙarfe ya fito. Ya ƙwanƙwasa ƙofar hagu ya ce daga nan za a fara. Baba, wurin da nake gudu ke nan.

Ka tuna shekarar da ka tafi aikin Hajji? Na saci makulli na tuƙa ta zuwa Ruwan Godiya don abokai su gan ni. A dawowa na maka ƙofar nan a jikin wata tsamiya. Na kai wa wani mai gyara a ɓoye, ya cike lotsawar, ya shafe da koren fenti. Ka dawo ka zagaye motar sau biyu, ka ce an kula da ita. Shekara tara ina jin kunyar wannan yabo.

Mako guda na yi ina cewa a shafa bisa tsohon kawai. Ba tsada nake gudu ba, tsoro nake Inna da ƙannena su ga abin da na binne. Amma ka sha ce mani, “Kada ka yi wa mota kwalliya bisa ciwo.” Jiya na koma na ce a goge.

Malam Iro ya cire murfin ƙofar ta ciki, sai ga wani ƙarfe an yi masa walda a bayan lotsawar, aiki mai kyau, wanda ban taɓa biya ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe kwana uku da dawowarka daga Hajji ka kawo masa ita, ka ce ya ƙarfafa wurin kada ƙofar ta buɗe da ni a hanya, ya bar fentin waje yadda yake, kuma kada ya faɗa mani.

Na zauna bisa tsohuwar taya na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Yau da safe na faɗa wa Inna. Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗen garinta ba, ta ce ai ni kaɗai ne a gidan ban san an sani ba.

Ana goge motar yanzu, ƙarfenta na da sauran ƙarfi. Kore za a maida ta, kamar yadda ka bar ta. Ƙarfen nan naka kuwa na ce kada a taɓa shi.

Allah Ya rufa maka asiri ranar gobe kamar yadda ka rufa mani, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Ɗanka mai satar makulli,
Lawal