Sandar Idris a Bayan Ƙofa

Asabar, 10 ga Shawwal, 1373

Yau na karɓe sandar Idris.

Shekara ashirin da biyu ina shehun 'yan ga-ruwa a bazan ɗin Jarwal a nan Makka, wato matattarar da muke ɗibar wa gidaje ruwa, ban taɓa jin wanda ya yi mini abin da ya yi mini ba. Ruwa ya ja baya, layi har bakin titi, ga rana kamar a gasa mutum. Na ce wa Abdulganiyyu, ƙanen matata, ya shiga gaba, wai gidan da yake kai wa akwai mara lafiya. Shi ya faɗa, ban bincika ba. Sai Idris, Badamagaren nan mai dogon wuya, ya ɗaga murya a gaban mutum arba'in: "Shehu, layin nan na jama'a ne ko na surukanka?"

Na rantse da Allah ba zai ƙara ɗiban ruwa a nan ba. Na zare sandar da yake rataya garewaninsa na taho da ita. Haka na tarar ana yi: wanda shehunsa ya karɓe wa sanda, babu bazan ɗin da zai karɓe shi. Tana bayan ƙofa. Na gaji, wallahi.

Talata, 13 ga Shawwal

Mukhtaru ɗana ya iso daga Zahran, kamfanin mai ya ba shi hutun wata biyu. Ya yi ƙiba. Hausarsa duk ta karkace, kalma uku sai ya faɗa Larabci. Ya zo wa uwarsa da yadi, ni kuma littafi. Littafi! Wai tarihin ƙasar Amirkawan da yake yi wa aiki ne, a makarantar kamfani aka ba su, da Larabci. Na ce ya ajiye, in an rasa abin fifita wuta.

Jumma'a, 16 ga Shawwal

Gwiwa ta hana ni sakat. Bayan la'asar na kwanta a soro, Mukhtaru ya zauna yana karanta mini, ban ce ya fara ba, ban kuma ce ya bari ba.

Wasu mutane ne wajen ɗari suka bar ƙasar Ingila a jirgin ruwa saboda addininsu, shekara ɗari uku da wani abu. Teku ta kai su inda ba nan aka yi musu izini ba. Sai wasu a cikinsu suka ce to shi ke nan, nan babu sarki babu alƙali, kowa ya yi abin da ya ga dama. Kafin kowa ya taka ƙasa manyansu suka rubuta 'yar takarda, maza arba'in da ɗaya suka sa hannu cewa dokar da suka yi tare ita za su bi. Sanyin farko ya kashe rabinsu.

Wannan na gane. Mu ma da muka taso daga Kano da ƙafa mu sittin ne, ashirin da shida muka ga Sawakin, bakin teku. Sai dai mu ba mu rubuta komai ba, madugu muka bi, shi ya sa aka iso.

Na tambaye shi mutanen da suka tarar a ƙasar fa? Ya ce su suka koya musu shuka masara. Na ce daga baya fa? Ya yi ta juya shafi.

Lahadi, 18 ga Shawwal

Saudatu matata ta share ɗaki, ta kewaye sandar ba ta taɓa ta ba. Kwana takwas ke nan.

Laraba, 21 ga Shawwal

Na ga Zainabu matar Idris a bakin bazan da 'yar tukunya, tana jiran wani ya tsiyaya mata. Matar ɗan ga-ruwa! Da ta hango ni ta ja mayafi ta juya baya. 'Ya'yansu biyar. An ce Idris ya je bazan ɗin Hindawiyya da na Tandabawi, duk shehunan sun ce sai ya zo da sandarsa. Alhazai sun fara sauka Jidda, kuma duk ɗan ga-ruwan da aikin hajji ya wuce shi, shekararsa ta wuce.

Da na dawo Saudatu ta ce, "Malam, rantsuwa ai tana da kaffara. Miskinai goma ne, ni zan tuƙa tuwon." Na ce ba tuwo ne ya dame ni ba. In na janye yau, gobe wa zai ji maganata a layi? Ta ce, "To, Allah ya ba ka haƙurin kanka."

Asabar, 24 ga Shawwal

Zafi. Faɗa biyu na raba kafin azahar. Muryata ta dishe.

Litinin, 26 ga Shawwal

Yau an kai ga inda suka yi faɗa da sarkin Ingila. Yankuna goma sha uku, yana can ƙetaren teku yana ɗora musu haraji, ba ya tambayarsu. Suka kwashe akwatunan shayi daga jirage suka zuba a ruwa. Shayi fa! Na ce waɗannan ba su san zafin nema ba.

Bayan sun ci yaƙi sai suka kusa cinye junansu. Manyansu suka kulle kansu a ɗaki wata huɗu cikin bazara, har tagogi suka rufe don kowa ya faɗi ransa ba tsoron na waje. Manyan yankuna suka ce a bi yawa, ƙanana suka ce ai sai ku haɗiye mu. A ƙarshe suka fito da abin da Mukhtaru ke kira dustur, takardar da ta fi kowa, har shugaban.

Na ce bayi fa, ina suke a takardar? Ya yi ƙasa da murya, wai wajen ƙidayar jama'a bawa biyar a matsayin mutum uku aka lissafa su. Na yi dariya har da tari. Na ce rufe littafin nan, ni da kai da mun zama ɗaya da 'yan kai. Masu kukan an danne su, ga ƙafarsu a wuyan wani.

Ya rufe. Can ya ce, "Sahih, ya abuya, gaskiya ne Baba. Amma ko mai ƙafa a wuyan wani ya san ba ya son a taka nasa." Bai dubi bayan ƙofa ba. Gara ma da ya duba.

Alhamis, 29 ga Shawwal

Hashimu mataimakina ya zo da zancen da na san daga bakin Mukhtaru ya samo shi. Wai a rubuta ƙa'idar bazan: layi bisa zuwa, mara lafiya sai da shaida, kuma kada a karɓe sandar kowa da bakin mutum ɗaya, sai dattawa huɗu sun zauna da shehu. Na ce wato ku ɗaure ni. Ya ce, "Haba Shehu, sauke maka kaya za mu yi." Daɗin baki.

Na ce su rubuta. Ba don an fi ni gaskiya ba, na gaji ne kawai da a ce komai ni.

Lahadi, 3 ga Zulƙida

Kwana uku ana gardama a zauren Hashimu kan dattawa huɗu. Kanawa sun ce su suka fi yawa, uku nasu. Damagarawa da Barebari da Zabarmawa suka ce in haka ne a bar takardar. Na zauna ina jin su, kaina na sarawa. Daga ƙarshe ni na ce kowane gari mutum ɗaya, mai yawa da maras yawa. Mukhtaru ya soma murmushi, na harare shi. Ai ba a littafinsa na ji ba, hankali ne.

Mutum arba'in da uku suka dangwala yatsa. Nawa ne na ƙarshe, tawadar ta ƙi fita har yanzu.

Talata, 5 ga Zulƙida

An zauna kan maganar Idris. Kaico.

Ya zo, ya rame, rigar kamar ta aro. Ya faɗi abin da ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba, ya ce ɗaga muryar ce kuskurensa. Aka fitar da shi. Hashimu ya ce wanda ya ga a mayar masa da sanda ya ɗaga hannu. Sai duk huɗun suka juyo suna kallon fuskata. Har dattijon Damagarawa, kawun Idris ɗin! Ni kuwa fuskar da Allah ya ba ni ke nan, ban iya sake ta ba. Babu hannun da ya tashi. Wai ba za su kunyata Shehu a kan rantsuwarsa ba.

An tabbatar da hukuncina, da takarda da komai. Ya kamata in ji daɗi. Na dawo na kasa cin abinci, Saudatu ta ɗauke kwanon yadda ta kawo shi.

Laraba, 6 ga Zulƙida

Mukhtaru ya karanta mini ƙarshen. Sarkin yaƙinsu da suka naɗa shugaba na farko ya yi shekara takwas ya ce ya isa, ya koma gonarsa, ba wanda ya kore shi. Shi ma da bayinsa. Na ce watakila gwiwa ce ta dame shi.

Tagogin nan da suka rufe ne suka tsaya mini a rai. Mu ba na waje muke tsoro ba, na cikin ɗakin ne.

Jumma'a, 8 ga Zulƙida

Na aika wa Hashimu a sake zama gobe. Na ce zaman Talata bai yi ba, ɗaga hannu ba namu ba ne, mu mutanen kunya ne. A kawo garwa a rufa mata zane. Kowa a ba shi ƙwallon dabino ɗaya da tsakuwa ɗaya. Dabino a mayar da sanda, tsakuwa a bar ta inda take. Ka zura hannu ka saki ɗaya, ba mai ganinka sai Allah.

Ba don Idris na yi ba. Takarda ce, tun da an dangwala mata yatsa a yi ta yadda ya kamata.

Asabar, 9 ga Zulƙida

An yi. Mu biyar muka zura hannu, Hashimu ya yaye zanen ya juye garwar a tabarma. Ƙwallon dabino biyar. Ya ƙirga sau biyu, ya ɗago zai dube ni, sai ya fasa ya dubi rufin ɗaki. Dattawan suka tashi suka nemi takalmansu. Allah ya yi musu albarka.

Ni dai ban san yadda aka yi ba. Hannun tsoho ne, ga gumi, ƙwallo da tsakuwa duk ɗaya suke a tafin hannu.

Da la'asar na kai sandar bazan da kaina, don ba wanda zan aika. Idris ya karɓa da hannu biyu, ya soma wata magana, na ce ya je ya bi layi, shi ne na goma sha bakwai. Abdulganiyyu na bayansa.

Saudatu ta ɗora babbar tukunya tun kafin in dawo, ban san wa ya gaya mata ba. Mutum goma gobe bayan azahar.

Da na cire riga tsakuwar ta faɗo daga aljihu. Na ajiye ta bayan ƙofa, wurin ya yi fili da yawa.