Munduwar Inna

Bauranya, Litinin

Yaya Abdullatif,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Shamsiyya da yara. Ya aikin kemis? Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direban Kano wannan takarda.

Yaya, ƙafar Inna ce. Ka tuna 'yar kwalbar ruwa mai shuɗi da ka kawo mini saboda tabon ƙunar hannuna? Ka zauna kana ta yi mana lacca, wai jan ƙarfe ne ɗan mitsitsi ɗaure da guntayen furotin, suna zaburar da fata ta gyara kanta. Inna tana gefe tana tsinkar zogale, kamar ba ta ji. Tabona kuwa ya yi laushi a kan idonta.

Sai ta yanke cewa in ɗan kaɗan ya yi wannan aiki, ina ga zallarsa? Ta kai wa Manu maƙeri munduwarta ta aure ta jan ƙarfe, ya goge mata da magagari. Garin take barbaɗawa cikin gyambon sugan nan na yatsanta, ta ɗaure da tsumma. Wari ne ya tona mata asiri.

Likita a Kankiya ya ce garin ƙarfe daban, maganinka daban, kuma ko na kwalbar ba a zuba shi a buɗaɗɗen ciwo da ka. Yatsu biyu sun mutu. A cire su yanzu, ko a rasa ƙafar. Wallahi tsoro nake ji. Ka zo.

Ƙanwarka,
Zuhura

Bauranya, Juma'a

Yaya,

Bayan gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya. Mu dai ba lafiya ba.

Inna ta ƙi a cire yatsun. Kawu Ummaru ya yi magana, liman ya yi, ni na durƙusa har da kuka. Amsarta ɗaya ce: ɗanta da ya yi karatun magani ya faɗa da bakinsa cewa jan ƙarfe na warkarwa, likitan Kankiya bai kai shi sani ba. Da alfahari take faɗa, Yaya, tana murmushi, zazzaɓi na kaɗa ta.

Baƙin ruɓar yatsun ya haye bayan ƙafa. Na ɓoye garin, ta daina cin abinci sai da na mayar mata. Da hannuna na miƙa mata shi.

Kada ka aiko da saƙo, ba za ta yarda daga gare ka yake ba. Ka taho da kanka, ka dubi idonta ka ce mata ba haka ka faɗa ba. Za ta ji zafi. Gara ta ji shi tana raye.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka da ke zuba ido a hanya,
Zuhura